Ƙanena ya yi yunƙurin kashe kansa, an kuma hana kowa tayar da maganar a gida

Assalamu alaikum, Anti. Ni matar aure ce mai 'ya'ya uku, kuma ni ce babba a ɗakinmu. Makonni uku da suka wuce ƙanena mai shekara 24 ya sha guba da nufin kashe kansa. Allah Ya sa ƙanwarmu ta shiga ɗakinsa neman caja ta tarar da shi a kwance, aka ɗura masa manja, aka garzaya da shi asibiti, ya kwana huɗu aka sallame shi. A asibiti mun ce kuskure ne, domin kawunmu ya ce idan aka faɗi gaskiya 'yan sanda za su shigo cikin maganar. Daga baya muka gano cewa kuɗin POS na ubangidansa ne suka salwanta a hannunsa, ya ci bashin manhajojin waya don ya cike giɓin, bashin ya yi masa katutu, har suka tura wa duk mutanen da ke cikin wayarsa hotonsa da saƙon cewa shi ɓarawo ne. Saƙon ya je har wurin mahaifin yarinyar da yake nema.

Yanzu Baba ba ya amsa gaisuwarsa, ya ce ya zubar masa da mutunci har sau biyu. Inna ta ce sammu ne, ana ta yi masa rubutu da hayaƙi. Kawu ya ce a tura shi ƙauye wurin kakanninmu ya yi noma har ƙura ta lafa. An hana kowa tayar da maganar. Shi kuwa yana zaune a ɗaki, wayarsa a kife, kwanon abinci yadda aka kai masa haka ake ɗaukowa. Ina so in yi masa magana, amma ina tsoron kada in tuna masa. In yi ko in bari? Kai shi asibitin ƙwaƙwalwa ba zai ƙara tona mana asiri ba? Da gaske ne za a iya kama shi? Kuma Allah zai yafe masa?

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah, 'yata.

Ina taya ku godiya ga Allah da Ya sa ƙanwarku ta tura ƙofar nan a daidai lokacin da ta tura. Za ki lura na sakaya sunanki da na garinku, na kuma goge sunan abin da ya sha daga cikin wasiƙarki. Da gangan na yi hakan, domin an daɗe da gano cewa bayyana hanyar da mutum ya bi dalla-dalla, a jarida ko a Facebook, yakan zame wa wani mai irin wannan damuwa jagora.

Zan fara da magana mai nauyi, don na ga alamar za ki iya ɗauka. Ƙanenki bai fita daga haɗari ba tukuna. Masana lafiyar ƙwaƙwalwa sun yi ittifaƙi a kan cewa babu abin da ya fi nuna mutum zai iya kashe kansa kamar a ce ya taɓa gwadawa, kuma watannin farko bayan an sallamo shi daga asibiti su ne mafi hatsari. Dubi halin da yake ciki: bashin da ya kai shi ga wannan aiki yana nan daram, kunyar saƙon da aka yaɗa tana nan, yanzu kuma an ɗora masa sabuwar kunya da fushin mahaifi, sannan an bar shi a ɗaki shi kaɗai da tunaninsa. Tare da haka, akwai abin da ya kamata ya ƙarfafa miki gwiwa. Binciken da aka yi ta hanyar bin rayuwar waɗanda suka tsira na tsawon shekaru ya nuna cewa kimanin tara cikin goma ba ta wannan hanya suke mutuwa ba daga baya; suna warwarewa, su yi aure, su yi sana'a, su tsufa. Aikin da ke gabanku shi ne ku tsallakar da shi waɗannan watanni, kuma shirun da aka kafa wa gidanku doka ba zai tsallakar da shi ba.

Kin tambaya ko ki yi masa magana. Ki yi, kuma kada ki kai gobe da yamma ba ki yi ba. Tsoron da kike ji, cewa tambaya za ta tuna masa, tsoro ne da kusan kowa yake da shi, har da ma'aikatan asibiti, amma an gwada abin sau da yawa an ga tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin da ba shi da shi, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. Mutumin da ya kwana huɗu a gadon asibiti bai manta dalilin kwanciyarsa ba, balle a ce ke ce za ki tuna masa.

Ƙasar Finlan ta koyi wannan darasi da tsada. A shekarun 1980 tana cikin ƙasashen da matsalar ta fi ƙamari a Turai, alhali mutanenta ba su wuce miliyan 5 ba, sai gwamnatinta ta kafa shiri na ƙasa baki ɗaya a 1986. Daga Afrilun 1987 zuwa Maris na 1988 aka bi diddigin kowane mutum da ya kashe kansa a faɗin ƙasar, su 1,397, aka zauna da iyalansu da likitocin da suka duba su, aka karanta takardunsu na asibiti. Aka tarar mafi yawansu suna fama da wata larura ta ƙwaƙwalwa, musamman ciwon damuwa da shaye-shaye, wadda ba a yi mata isasshen magani ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, da yawa daga cikinsu sun je wurin ma'aikacin lafiya a cikin watansu na ƙarshe, amma kaɗan ne aka taɓo zancen kashe kai da su. Sun zauna gaban wanda zai iya taimakonsu, aka auna jininsu, aka rubuta musu magani, suka tashi ba wanda ya tambaya. Daga nan aka shiga koya wa likitoci da malaman makaranta da sauran ma'aikata yadda za su gane alamun su kuma yi tambayar, kuma a yau adadin masu kashe kansu a ƙasar ya dawo kusan rabin na shekarar 1990.

Yadda za ki yi maganar yana da muhimmanci. Kada ki kira shi zaure a gaban manya kamar za a yi shari'a, kuma kada ki zauna kina kallon ƙwayar idonsa. Na taɓa yin irin wannan zama da 'yar wata aminiyata, a bayan ɗakin girki muna ɓarar gyaɗa, kowa idonsa na kan faifai. Na jefa mata tambayar, ta ɗauki ɓawo ɗaya tana murzawa har ya zama gari a hannunta, ni kuma na danne bakina ban cike shirun da nasiha ba, wanda shi ne abu mafi wuya a wurina. Sai can ta fara magana, kuma ba mu tashi ba sai da aka kira magariba. Ke ma ki nemi abin da zai sa ku zauna kafaɗa da kafaɗa: ki ce ya raka ki bakin titi, ko ya duba miki wani abu a waya. Sannan ki ce masa, "Na san abin da ya faru ba kuskure ba ne, kuma ban zo yi maka faɗa ba. Har yanzu tunanin kashe kanka yana zo maka?" Ki ambaci abin da sunansa, domin idan kika ce "wannan abin" ko "irin tunanin nan", zai fahimci cewa ke ma ba za ki iya jin amsar ba, ya ce miki ba komai.

Idan ya fara magana ki bar shi ya kai aya. Ki riƙe kalmomin da za su zo miki baki da kansu, irin su "kai fa namiji ne", "wasu sun fi ka shiga uku", "ka tausaya wa Inna". Duk gaskiya ne a wurin mai lafiya, amma shi a yanzu abin da zai ji shi ne an ƙara tabbatar masa da cewa ya zama nauyi. Idan ya ce tunanin yana nan, ki ƙara tambayarsa ko ya tanadi wani abu ko ya sa rana. In ya amsa da e, ranar nan za a kai shi asibiti, kuma ba za a bar shi shi kaɗai ba ko da na zagawa ne mai tsawo. Idan ya ce ki yi masa alkawarin ba za ki gaya wa kowa ba, kada ki yi. Ki ce masa ba za ki gaya wa kowa ba sai wanda zai taimaka, kuma da saninsa.

Abu na biyu ba ya ma jiran wannan zama, yau za a yi shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum dubu 700 ne ke kashe kansu kowace shekara, fiye da kashi 70 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita irin tamu, kuma kimanin ɗaya cikin biyar da maganin ƙwari ne. A 1995 ƙasar Siri Lanka tana sahun gaba a duniya a wannan musiba. Ba ta iya kawar da talauci ko rikicin aure ko bashin manoma ba, amma ta riƙa haramta magungunan feshi mafiya guba ɗaya bayan ɗaya, kuma zuwa 2015 adadin ya faɗi da kusan kashi 70 cikin 100. Masu bincike sun ƙiyasta rayukan da aka tsirar da kimanin dubu 93, amfanin gona kuma bai ragu ba. Dalilin shi ne, a wurin mutane da yawa guguwar ba ta daɗewa a kan ganiyarta. Tsakanin yanke shawara da aikatawa sau da yawa mintuna ne ko 'yan sa'o'i, kuma idan abin bai zo hannu a wannan ɗan lokaci ba, ko ya zo amma bai kai ya kashe ba, mutum yakan wayi gari da wani tunanin daban. Irin wannan lissafi ne ya sa hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalabe na wani maganin ƙwari a shaguna a 2019, ko da yake ni da ke mun san har yanzu ba ya wuyar samu a kasuwa.

To, abin da ƙasa ta yi da doka, ke za ki yi shi da kwaɗo da mabuɗi. Ki shiga siton gidanku ki duba bayan buhunan masara, ki duba saman taga da ƙarƙashin gado da ɗakin ajiyar kayan gona. Maganin ƙwari, na ɓera, na feshi, da ledar magungunan hawan jini ko na sukari da tsofaffi ke tarawa, duk a fitar da su daga gidan ko a kulle, mabuɗin ya zauna a hannun mutum ɗaya. Ba sai an yi shela ba, amma idan ya gani ya tambaya, ki faɗa masa gaskiya cewa kuna son sa da rai ne. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne, shi kuwa a 'yan watannin nan damuwa ta rufe masa ido.

Wannan ne ma ya sa ban goyi bayan shawarar Kawu ba, duk da na san da kyakkyawar niyya ya kawo ta. A ƙauye, musamman da damina, babu gidan manomin da za a rasa galan ɗin maganin feshi a gindin rumbu, asibiti yana da nisa, kakanni ba su san abin da ya faru ba balle su sa ido, shi kuma zai ɗauki tafiyar a matsayin kora. In an sami sauƙi nan da wasu watanni ya ce da kansa yana son canjin wuri, sai a duba. Bari kuma in tsaya a kan manjan da kuka ɗura masa, don amfanin duk mai karantawa: ba a ɗura wa wanda ya sha guba manja ko madara ko ruwan gishiri, ba a kuma sa shi amai, domin abin yana iya sarƙe shi ya gangara huhu, mai kuma yana iya taimaka wa wasu gubobin shiga jiki. A kwantar da shi ta gefe, a ɗauki mazubin abin da ya sha, a nufi asibiti kai tsaye.

Game da 'yan sanda, maganar Kawu tana da tushe. Kundin dokokin laifuka na Final Kod da jihohin Arewa suka gada tun 1960 ya tanadi a sashe na 231 cewa wanda ya yi yunƙurin kashe kansa za a iya ɗaure shi har shekara guda, ko a ci shi tara, ko a haɗa masa duka biyun, kuma sashe na 327 na kundin da ake aiki da shi a Kudu ma ɗaurin shekara guda ya tanada. Gadon Turawan mulkin mallaka ne, su kuwa a Ingila sun soke nasu tun 1961. Pakistan ta soke irin wannan doka a 2022, Gana da Malesiya suka bi sahu a 2023, kuma na ambaci Pakistan da Malesiya ne musamman don a ga cewa ƙasashen Musulmi ma sun rarrabe tsakanin haramcin abu a addini da jefa marar lafiya kurkuku. A nan gida ma an motsa. A Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, a ƙarshen 2023 ɗin Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ƙaddamar da tsarin ƙasa na rigakafin kashe kai na 2023 zuwa 2030, sannan a 2024 ta kafa kwamiti na musamman don ganin an cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuka. Hujjar masu wannan fafutuka ita ce ainihin abin da ya faru a gidanku: dokar ba ta hana kowa gwadawa, sai dai ta sa iyalai su ce wa likita kuskure ne, a wanke wa yaro ciki a sallame shi ba tare da an duba ciwon da ya kawo shi ba, gwamnati kuma ta rasa alƙaluman gaskiya da za ta yi aiki da su.

Abin da ya shafe ki a aikace shi ne, dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta wajabta wa ma'aikatan asibiti riƙe sirrin marar lafiya, ta kuma hana su ƙin karɓar wanda ke buƙatar taimakon gaggawa. Likitan ƙwaƙwalwa kusan kullum yana ganin irin ƙanenki, kuma aikinsa magani ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ku rufa asirinku daga maƙwabta da 'yan tsegumi yadda kuke so, wannan haƙƙinku ne, amma ku gaya wa likita komai, har da ko yana shan wani abu irin su tiramadol ko kodin ko wiwi, domin yaro mai bashi da rashin barci yakan faɗa musu, su kuma suna rage wa mutum birki.

Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, akwai kuma sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Idan sunan "asibitin mahaukata" ne zai hana shi ko Inna yarda, ku zaɓi asibitin koyarwa, inda ƙofa ɗaya mai ciwon ido da mai ciwon damuwa suke shiga. Ku yi sammako, ku kuma yi haƙuri da layi, domin likitocin wannan fanni a Najeriya ba su kai 300 ba ga mutum fiye da miliyan 200. Mafi yawan masu irin matsalarsa ba a kwantar da su. Hira ake yi da su mai tsawo, a ba su ranar dawowa, wasu a haɗa musu da magani. In an ba shi magani, ki sani yakan ɗauki makonni biyu zuwa shida kafin a ga aikinsa, ba a kuma yanke shi rana ɗaya don an ji sauƙi. Kwalin ya zauna a hannun Inna ko ƙanwarku, a riƙa ba shi na kowace rana. Ki kuma nemi lambobin SURPIN, shirin da aka kafa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas a 2017 don amsa kiran masu irin wannan tunani, ki sa masa a waya tare da lambar gaggawa ta 112.

Kada ki yi jayayya da Inna a kan sammu, ba za ki ci nasara ba, kuma ba ki buƙatar ci. Uwa ce da ta kusa rasa ɗa, tana yin abin da ta sani. Ki ce mata a ci gaba da addu'a da tofi, a kuma haɗa da asibiti, tunda Manzon Allah (SAW) da kansa ya yi umarni da neman magani, ya ce Allah bai saukar da cuta ba face Ya saukar da maganinta. An ma gwada wannan haɗin gwiwa a ilimance: Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranci wani bincike a Ibadan da Kumasi, wanda aka buga a 2020, inda masu maganin gargajiya da na addini suka yi aiki tare da ma'aikatan asibiti wajen kula da masu taɓin hankali mai tsanani, kuma marasa lafiyar sun fi samun sauƙi. Iyakar da za ki kafa ita ce, babu duka, babu ɗauri da mari, babu wanda zai ce a ajiye maganin likita, kuma babu kai shi wani gari a bar shi a hannun mai magani.

Tambayarki ta ƙarshe ta fi sauran taɓa ni, kuma ina zargin ita ce shi ma yake yi wa kansa da dare. Kashe kai haramun ne, babban zunubi, babu malamin da ya yi saɓani a kai. Amma ki karanta ayar da ta hana, ta 29 a cikin Suratun Nisa'i, har ƙarshenta: bayan Allah Ya ce kada ku kashe kanku, da ambaton jinƙanSa gare mu Ya rufe ta. A cikin Sahihu Muslim akwai labarin mutumin da ya yi hijira zuwa Madina tare da Ɗufailu ɗan Amru, ciwo ya tsananta masa har ya yi wa kansa raunin da ya zama ajalinsa. Ɗufailu ya gan shi a mafarki an gafarta masa saboda hijirarsa, Annabi (SAW) kuma da ya ji labarin ya roƙa masa cikon gafara. Wannan wanda ya riga ya mutu ke nan. Ƙanenki yana da rai, ƙofar tuba a buɗe take gare shi kamar kowa. Nakan kuma tuna Nana Maryam a gindin dabino, lokacin da naƙuda da tsoron bakin mutane suka haɗu mata har ta ce ina ma ta mutu kafin wannan rana. Amsar da ta zo mata ita ce kada ta yi baƙin ciki, ga ruwa, ga dabino, ta ci ta sha ta kwantar da hankalinta. Idan za ku haɗa shi da malami, ku zaɓi wanda zai fara daga nan, domin wa'azin wuta ga wanda ya riga ya yanke ƙauna ƙara tura shi yake yi.

Baba kuwa, ba ke ce za ki tunkare shi ba. Ki nemi wanda yake jin nauyinsa, yayarsa ko amininsa ko limamin masallacinsu, ki faɗa masa gaskiyar abin da ya faru, a je a roƙe shi abu ɗaya tak: ya amsa gaisuwar yaron. Ba a ce ya manta da kuɗin mutane ba, ba a ce ya daina jin zafi ba. A fahimtar da shi cewa a wurin saurayin da aka yaɗa hotonsa a gari da sunan ɓarawo, "lafiya lau" ɗaya daga bakin mahaifinsa da safe tana iya yin abin da kwalin magani ba zai yi ba, kuma in ya ƙara da ƙwanƙwasa masa ƙofa su tafi sallar asuba tare, to ya gama nasa.

Sai bashin, wanda na ga kowa a gidanku ya kauce masa alhali shi ne bangon da ya tsage. Daga 1998 zuwa 2011 Japan tana rasa fiye da mutum dubu 30 kowace shekara, da yawansu magidanta da bashi da rashin aiki suka durƙusar. A 2006 ta yi doka ta musamman wadda ta ɗauki matsalar a matsayin ta al'umma gaba ɗaya, a shekarar kuma ta tsaurara dokar masu ba da bashi, ta rage kuɗin ruwa, ta iyakance abin da za a ranta wa mutum gwargwadon samunsa, aka buɗe wuraren ba masu bashi shawara. Zuwa 2019 adadin ya sauko kusan dubu 20. Magani zai gyara masa barci da tunani, amma ba zai biya ko kwabo ba. Ku zauna da shi da takarda da biro a rubuta kowane bashi da adadinsa, domin bashin da ke yawo a kai da tsakar dare ya fi wanda ke kan takarda girma. Kuɗin ubangidansa amana ce, a tura manya su same shi a tsara biya kaɗan-kaɗan. Na manhajojin kuma a biya abin da ya wajaba a kan tsari, amma ku sani yaɗa hoton mutum da ɓata masa suna ba hanyar karɓar bashi ba ce da hukuma ta yarda da ita. Tun 2022 hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta tarayya, FCCPC, take farautar masu wannan ɗabi'a, kuma tana karɓar ƙorafi. Ku adana saƙonnin a matsayin shaida, wani ya riƙe masa tsohon layin na ɗan lokaci, a kuma tura dattijo wurin mahaifin yarinyar ya yi bayani. A duk wannan a riƙa shawara da shi, kada a yi ta kansa kamar ƙaramin yaro, domin mutuncinsa ne ya karye kuma da hannunsa zai fi son a ɗora shi.

Akwai wani bincike da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi a Birazil da Indiya da Siri Lanka da Iran da Sin, aka buga shi a 2008, wanda nake so ki riƙe. An ɗauki mutum 1,867 da aka kawo asibiti bayan yunƙurin kashe kai, aka raba su biyu. Kashi ɗaya aka yi musu abin da aka saba aka sallame su. Ɗaya kashin aka ƙara musu zaman bayani na awa guda, sannan aka riƙa kiransu ko ziyartarsu sau tara cikin wata 18, ana tambayarsu yadda suke ji. A kashin farko kashi 2.2 cikin 100 suka mutu ta hanyar kashe kai, a na biyu kashi 0.2. Babu wata na'ura ko tsadadden magani a ciki, zumunci ne kawai da aka sa wa ranaku. Mu da muke tinƙaho da zumunci, abin da kan ba mu matsala shi ne mukan yi dafifi a makon farko sannan kowa ya watse. Don haka ki tsara shi: ke Talata da Juma'a, wani abokinsa na kirki ranar Lahadi ya ja shi kallon ƙwallo ko majalisa, ƙanwarku ta daina ajiye masa kwano a bakin ƙofa, ta ce ya fito a ci tare. A ci gaba da haka har bayan ya fara dariya, domin lokacin da kowa ya saki jiki ne akan yi sake.

Ku sa ido idan ya fara rabar da kayansa, ko ya shiga bin mutane yana neman yafiya ba gaira ba dalili, ko ya ce kun kusa hutawa da shi, ko kuma ya wayi gari da wata natsuwa ta farat ɗaya alhali babu abin da ya canza. Kowanne daga cikin waɗannan dalili ne na sake yi masa tambayar nan kai tsaye da komawa asibiti a ranar.

Ke ma kina da miji da 'ya'ya uku, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ki sanar da maigidanki gwargwadon abin da ya kamata ya sani don ya fahimci yawan zuwanki gida, ki kuma kula da ƙanwarku, domin ita ce ta buɗe ƙofar ta gani, kuma a wasiƙarki ban ji wanda ya tambaye ta yadda take barci ba. Ki sake rubuto mini bayan kun ga likita, ki gaya mini abin da ya ce, da kuma ko Baba ya amsa gaisuwar.